Ranar da Inna ta Kashe Wutar Wanka

Watan jiya jikata ta haihu, na tafi barka, na ishe an girka tukunya bayan ɗaki ruwa na ta tafasa, wata maƙwabciya kuma tana dakan kanwa cikin turmi kamar raƙumi za a ba. Ko gaisuwa ban tsaya yi ba sai da na janye itacen nan ɗaya bayan ɗaya. Anka ce tsohuwa ta fara ruɗewa. To, ku ce abin da kunka ga dama. Ni na san abin da jikina ya gani, shi ya sa na ce bari in ba da labarin jinyata tun ina da sauran numfashi, ko Allah ya sa wata ta ji ta tsira.

Sunana Balki. An kai ni aure wani ƙauye arewa da Tsarnawa, ta wajen hanyar Illela, inda in ba ranar kasuwa ba ko ƙarar mota ba ka ji. Abin ya faru da rani, shekara biyu ko uku kafin farin nan da ya ƙare shanun mutane. Haihuwata ta biyu ce, don haka ban tafi gidanmu goyon ciki ba, ɗakina na zauna. Maigidana kuwa, wanda har yau da ƙasa ta rufe shi sunansa ba ya fita bakina, yana gama zuba hatsi rumbu ya bi 'yan cin rani zuwa Kurmi, kamar yadda mazan garin duk suke yi. Kafin ya tafi ya yi abin da ake so ga namiji. Ya sari itacen wanka ya jibge mini bayan ɗaki har ya kusa kai tsawon danga. Ya bar ni hannun uwarsa, ya bar gidan hannun babban wansa, Yaya Alu.

Uwar tasa ita ce Inna. 'Yar guntuwar mace ce, busasshiya, amma in ta ɗaga murya daga bakin rijiya har masallaci ana jin ta. Ba mu cika shiri ba, gaskiya. Ni Allah ya ba ni baki, ita kuma ba ta barin ko ta kwana. Takan ce, "Balki, da hannunki na da saurin harshenki da gidanga ya yi arziki." Amma kaf yankinmu babu mai wankan jego kamarta. In mace ta haihu ƙauyukan da ke kewaye da mu, jaki ake turowa a ɗauke ta. Ruwan da wata ba ta iya kusantar tururinsa, Inna tsoma hannu take yi ciki ta gyara ganye. Da shi take taƙama, da shi ake gaishe ta.

Ga waɗanda ba su ishe zamanin ba, abin da muke tsoro a jego shi ne sanyi. An ce in ya shiga jikin mace bayan haihuwa, kumbura ta yake yi ya ruɓar da ita daga ciki. Maganinsa zafi. Safe da marece a tafasa ruwa, a tsoma damin ganyen runhu ko na tsamiya a yi ta fyaɗa maki har fata ta yi ja. Ki fito a miƙo maki ƙwaryar kunun kanwa, kanwar har tana ɗaci. Ki kwanta a tura kaskon garwashi ƙarƙashin gado, a rufe ƙofa. Haka har kwana arba'in, kuma ba ki fita ko'ina, don an ce kabarin maijego buɗe yake sai arba'in ta cika.

Na haihu lafiya lau, ɗiya mace, muna ce mata Talatu. Makon farko har yabona ake yi. Ranar suna na ci ƙauri na sha kunu, mata na cewa jegon ya karɓe ni, dubi yadda fuskata ta ciko. Ni ma na ji daɗi, ashe ba ƙiba ba ce.

Mako na biyu na fara jin in na fito daga wanka sai na dafa bango. Daga bayan ɗaki zuwa bakin gado, taku kaɗan ne, amma in iso ina haki kamar wadda ta ɗauko tulu daga fadama. Ga wani ɗan tari busasshe. Na faɗa wa Inna, ta ce sanyi ne ke neman hanya, ta ƙara itace, ta ƙara kanwa. Ban ga laifinta ba. Da uwata ce haka za ta yi.

Mako na uku ƙafafuna sunka kumbura, sannan hannuwa. Warwaron da ke hannuna tun ina budurwa ya nutse cikin nama, sai da anka kira maƙeri ya yanke shi. Daga nan ɗakina ya zama kasuwa. Kowace mai shigowa da nata maganin. Wannan ta ce kambun baka ne, an yaba ni da yawa ranar suna. Waccan ta ce iska ce ta bayan gari, a kira masu garaya. Gwaggon maigidana ta aiko da sassaƙe mai ɗacin tsiya. Yaya Alu ya karɓo rubutu wajen liman, ya kuma kawo wanzami ya kafa mini ƙaho a baya. Duk na sha, duk na yi, don mai ciwo ba ya da zaɓi, kuma kowa cikinsu da zuciya ɗaya ya yi. Abu ɗaya ne bakinsu ya haɗu a kai, wato a ƙara zafi. Kumburi ai sanyi ne, wa bai san haka ba?

Da mako na huɗu ya kama, kwanciya ta gagare ni. Da na miƙe bisa gado sai in ji kamar an danna kaina cikin randa. Zaune nake yini, zaune nake kwana, na jingina da bango. Cikina ya tashi kamar ban haihu ba. In na yi tari sai kaki mai kumfa. Nono ya ja baya, Talatu ta kama ta saki ta yi ta tsala kuka, ni kuma ko ƙarfin rarrashinta babu. Wallahi na tsorata. Ina kallon ƙofa ina tunanin ta nan za a fitar da ni.

Ranar da abin ya juya, da safe ne. Inna ta riga ta tafasa ruwa, ta shigo ta kama ni in tashi, na kasa. Sai ta durƙusa ta ɗauki ƙafata ta aza bisa cinyarta, ta danna ƙaurina da babban yatsa. Da ta ɗaga, wurin ya zauna rami kamar an danna tuwo mai sanyi, bai ciko ba. Ta daɗe tana kallon ramin nan. Ta ɗago ta dubi leɓɓana, ta kara kunnenta a bayana tana sauraren yadda numfashina ke ƙara. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta tashi ta fita. Can sai na ji cuuu, hayaƙi da toka sunka turnuƙe bayan ɗaki. Ruwan wankan ta juye bisa wutar.

Matar Yaya Alu ta rugo tana salati. "Inna, lahiya? Arba'in ba ta cika ba!"

"Na sani. Ni na koya maki ƙirga ta."

Ta dawo ɗaki ta zauna gabana, gwiwa da gwiwa. Ta ce, "Balki, dube ni. Ciwon ga ya hi ƙarhin tukunyata. Kullum ina ƙara wuta, kullum kina ƙara kumbura. An ce akwai likita bakin babbar hanya. Ban taɓa zuwa ba, ban san mi suke yi ciki ba. Mijinki ba ya nan, bai ba da izini ba, kuma kin san abin da za a ce. Ina iya ɗaukar ki, amma ba ni ɗaukar ki kamar buhu. Ranki ne. Mi kika ce?"

Kun ji, tun da anka kawo ni gidan nan babu wanda ya taɓa tambayata mi na ce a kan komai, ko a kan miyar da za a kaɗa. Kuma kada ku zaci amsar mai sauƙi ce. Mu a lokacin, likita wurin da ake kai mutum ne in an fid da rai, ana cewa maza ne ke duba mata tsirara, wanda ya shiga kuma a likkafani yake fitowa. Ga fita ba da izinin miji ba, wanda ya isa ya kashe aure. Ga jego ban gama ba. In na tafi na mutu bisa hanya, za a ce ta mutu cikin saɓo. In na tafi na warke, wataƙila in dawo in ishe ba ni da ɗaki. Na dubi Talatu tana tsotsar hannunta don yunwa. Na tattara ɗan numfashin da ya rage mini na ce, "Inna, a kai ni."

"To, shi ke nan," in ji ta. "Magana ta ƙare."

Ba ta ƙare ba, don Yaya Alu ya tsaya bakin zaure ya tare hanya. Mutumin kirki ne, ba mai hayaniya ba, amma amana anka bar masa. Ya ce a dakata a aika wa ƙanensa saƙo ta hannun direbobin Birnin Konni, in ya so abin da ya ce sai a yi.

Inna ta ce, "Saƙon ya kai Kurmi ya komo, ita tana ina?"

"Inna, matar mutum ce. In ta mutu bisa hanya mi za ni ce mashi?"

"In ta mutu cikin ɗaki mi za ka ce mashi?"

Bai matsa ba. Sai ta ɗaga kai ta dube shi, don ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, ta ce, "Alu, ni na haihe ka ko kai ka haihe ni? Matsa. Laihin bisa kaina yake, duniya da lahira." Ya matsa.

Jakin ɗibar ruwa anka ɗora ni. Inna ta goya Talatu, ta ɗora ƙullin garin hatsi da 'yar tukunya a kai, hannu ɗaya ta riƙe ƙuguna kada in faɗo, ta kora jaki da ɗaya. Mun ratsa tsakiyar gari mata na leƙe ta saman danga. Na ji wata na cewa, "Yau mun ga abin mamaki, mai wankan jego da kanta ta fid da maijego rana tsaka." Inna ko waiwaye ba ta yi ba. Tsohuwar nan a ƙasa ta taka, cikin zafin bazara, rairayi na ƙona tafin ƙafa, daga hantsi har rana ta karkata. In na ce a tsaya, ta tsaya gindin aduwa ta jiƙa mini leɓe, ta ce, "Kin huta? To, mu tahi. In kin warke kya yi mini rashin kunyar da kika saba."

Bakin babbar hanya motoci biyu sunka wuce mu kamar ba su gan mu ba. Ta uku motar albasa ce za ta Konni. Inna ta shiga tsakiyar hanya ta tsaya da goyo, ta ɗaga hannu. Direba ya taka burki ya leƙo yana zage-zage, ya gan ni, ya haɗiye sauran. Da kansa ya ɗaga ni bisa buhunan albasa. Warin nan ga mai neman numfashi, kada Allah ya maimaita. Da na kasa zama ni kaɗai, Inna ta mayar da Talatu gabanta, ta juya ta haɗa bayanta da nawa ta zame mini bango. Har yau in na ji warin albasar da ta sha rana, ƙashin bayan Inna nake ji.

Likitar ba wani babban wuri ba ce. Gini ne mai ɗakuna kaɗan da rufin kwano, ga itatuwan dogon yaro a fili, kowane gindi cike da masu jinya da tukwanensu. Mun iso an tashi aiki, anka ce sai gobe. Gobe ta yi, ga layi har bakin ƙofa, wai sai an karɓi tike, takardar ganin likita. Mu ba mu san tike ba, ba mu san inda ake tsayawa ba, mai shara ma sai da ya daka mana tsawa. Wannan kam na riƙe shi a zuciya na daɗe, mutum na mutuwa ana tambayarsa takarda. Inna ta bi layin nan da haƙuri har rana ta take, sannan haƙurin ya ƙare. Ta buɗe muryar nan tata ta bakin rijiya ta ce, "Wai babu ɗan halas cikin gidanga da zai dubi yarinyar ga tun tana da rai?"

Sai ga wata mata ta fito cikin farar riga, Bazabarma ce, ungozomar likita, Madam ake ce mata. Kallo ɗaya ta yi mini ta sa anka ɗauke ni ciki, ta kira babban mai allura na wurin, wanda suke ce wa Majo. Abin da anka tsoratar da ni da shi ban gani ba. Zanena na jikina, Madam na tsaye, ya danna ƙafata daidai inda Inna ta danna, ya saurari ƙirjina da bayana da abin kunnensa. Ya tambayi abin da nake ci da yadda ake mini wanka. Inna ta faɗa masa tiryan-tiryan, har da yawan kanwar, ba ta rage komai ba.

Maganarsa ta zauna mini har yau. Ya ce, "Zuciyarta ce ta gaji. Kanwa da gishiri na tara ruwa a jiki, zahi na ƙara wa zuciya aiki, ruwan ya hau har huhu. Daga yau ba gishiri, ba kanwa, ba ruwan zahi."

Madam kuwa ba ta da taushin baki irin nasa. Ta juya ga Inna da gurguwar Hausarta ta ce, "Ku tsohi, ku ne kuna dafa yaran mutane kamar kaza." Na runtse ido, don na san Inna. Matar da ko maigari ba ya faɗa mata magana ta ƙyale. Da na buɗe ido na gan ta ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Can ta ce, "Na ji, ɗiyata. Gwada mini yadda za ni yi mata." Ranar na san girman matar nan ya wuce inda nake zato.

Anka yi mini wata allura. Jama'a, ashe duk ruwan nan hanya yake nema! Ba a jima ba na fara fitsari, na yi, na ƙara, na ƙara, har kunya ta ishe ni. Inna ce mai kai kasko tana zubarwa tana dawowa, uwar mijina guda, wadda ko abinci ban taɓa ci gabanta ba. In na ce, "Inna, ki gafarce ni," ta ce, "Yi abinki. Rijiyar garinmu ma ba ta kawo ruwa haka bana ba." Ga wasu 'yan ƙwayoyi farare ƙanana da ake ba ni kullum. Kafin mako ya zagayo na ga idon sawuna. Ranar da na fara kwanciya bisa haƙarƙarina na yi barci, Inna ta ce sau uku tana kara hannu a hancina.

Abincin ne azaba. Tuwo da miya lami, ba gishiri ko ƙwaya, kai ka ce ruwan wankin ƙwarya. Na yi kuka, na yi fushi, na roƙi wata mai jinya ta sammini ɗan gishiri a ɓoye, Inna ta kama mu ta kusa cinye matar ɗanya. Daga ranar ta daina sa gishiri a nata ma. Tukunya ɗaya, ƙwarya ɗaya, ta ci tana yamutsa fuska tana cewa, "In ni da haƙorana huɗu na iya, ke mi ne naki?" Wanka kuma da ruwa mai ɗumi-ɗumi take mini, kamar na jariri. Ina ganin yadda hannunta ke ƙaiƙayi, tana yi tana gunaguni wai wannan ai wasa da ruwa ne, amma ko sau ɗaya ba ta ƙara itace ba. Da garin hatsinmu ya ƙare ta aika gida anka sayar da tunkiyarta, daga baya tasoshinta na aure sunka bi. Ba daga bakinta na ji ba, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa goranta mini ba.

A mako na biyu anka kawo wata yarinya daga wajen Malbaza, maijego kamata, kumburi irin nawa, tari irin nawa. Su sun jira arba'in ta cika, sun jira miji ya dawo. Anka yi mata allurar da anka yi mini, amma an makara. Kwana biyu ta yi. Inna ce ta taya uwarta yi mata sutura, ta dawo ta zauna ta ɗauki Talatu ta ƙanƙame ta yini guda. To, ku mata masu saurarena, ga alamun nan na faɗa maku: haki ba aikin komai, ƙafar da in an danna ba ta cikowa, kasa kwanciya. In kun gani kada ku ƙara wuta, kada ku jira kwana ya cika, kada ku jira na Kurmi.

Nono ya dawo, Talatu ta fara kumatu. Majo ya ce in ƙara mako biyu ana duba ni, don zuciyar ba ta gama hutawa ba, in na koma ga surfe da ɗibar ruwa yanzu aikin zai koma baya. A cikin kwanakin nan hadari ya fara haɗuwa gabas, 'yan cin rani sunka fara dawowa gyaran gona. Na san maigidana na bisa hanya.

Wata rana da hantsi sai ga maigidana. Ina zaune gindin dogon yaro ina ba Talatu nono, na ɗaga kai na gan shi tsaye, da rigar tafiyarsa bai ko canza ba. Ya isa gida ya ishe ɗakina rufe, itacen da ya sha wahalar sara na nan rabi ba a ƙona ba, majalisa kuma kowa da abin da yake faɗa masa. Ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, amma an zuga shi ya cika fam. Na ce sannu da zuwa, bai amsa ba. Ko ɗiyar da bai taɓa gani ba bai kalla ba.

Ya ce, "Wa ya ba ki izinin hita?"

Bakin nan nawa da ba ya mutuwa, ranar ya mutu.

"Tashi ki tattara kayanki mu tahi. In ba ki bi ni yau ba, kada ki biyo ni gobe."

Ni na san in na bi shi, ga turmi ga rijiya ga kunun kanwa na jirana, yarinyar Malbaza kuma ba ta bar idona ba. In na ƙi, aurena ya mutu a gaban mutane, da ɗiya biyu. Na ce, "Ka yi haƙuri, ba ni iya tahiya sai likita ya sallame ni."

Ya buɗe baki zai faɗi kalmar da ba ta komawa, sai ga Inna ta taso daga wajen murhu da muciya a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, don duk fushinsa bai kai nan ba. Ba ta ce ya tashi ba.

Ta ce, "Ni na hid da ta. In saki ka zo yi, ni za ka saka."

"Inna, ba haka ba ne. Amma gari duk ana cewa..."

"Gari! Gari ya san mi?" Sai muryarta ta sauka, har sai da na matso don in ji. "Kana ƙarami lokacin, an ce maka sanyi ya kashe yayarka. Ni na yi mata wankan jego. Ƙahwarta ta kumbura na ƙara wuta. Ta kasa kwanciya na ƙara kanwa. Ina yi ina cewa ba a hi ni iyawa ba. Ranar da ta cika, ramin yatsana na nan bisa ƙaurinta bai ciko ba. Rakiya. Rakiyata, da hannuna. Shekara ashirin ina cewa kwananta ne ya ƙare, sai da na danna ƙahwar yarinyar ga na ga ramin nan ya komo. Ba ni binne ta biyu. Ko kai, ko Alu, ko garin ga baki ɗaya."

Ni na san an taɓa yin wata babbar ɗiya a gidan da ta rasu kafin a kawo ni, iyakar abin da na sani ke nan. 'Yar fari ce, kuma kun san mace irin Inna ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta san da shi, ko da rai ko ba rai. Maigidana tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunan nan a bakin uwarsa ba. Ranar ya ji shi sau biyu, a gaban baƙi.

Yana durƙushe bai tashi ba. Na ga kafaɗunsa na motsi, ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Inna ta juya ta koma ga tukunyarta tana tuƙi, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Can ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na aza masa Talatu. Ya jima yana kallon ta, sannan ya ce, "Kwana nawa likitan ya ce?"

Na cika mako biyun nan cif, shi ya koma ya yi mana shuka, ya dawo ya ɗauke mu. Na ƙara haihuwa huɗu bayan nan, kowanne da ƙafata na tafi awo, ba wanda ya tare mini zaure. Inna kuwa jakunan da ake turowa ɗaukarta sunka daina zuwa, don ta ce ita ruwa mai ɗumi kawai ta iya yanzu, mutane kuma ba shi suke so ba. Ta rasa sunan da ta yi shekara da shekaru tana ginawa, ban taɓa jin ta yi kukan rashinsa ba. Sunan ɗiyarta ma ba ta sake kamawa ba har ta koma ga Allah, a ɗakina, kanta bisa cinyata.

Ni ce dai ban bar shi ba. Duk sallar da na idar na ɗaga hannu ina roƙa wa Inna gafara, sai na haɗa da Rakiya, matar da ban taɓa gani ba.